Ina ake samun rancen jari in kana ƙauye?

Wasiƙun wannan makon kusan duk bakinsu ɗaya: jari. Na zaɓi guda shida daga masu rubutowa daga karkara, na taƙaita su, na kuma cire sunaye kamar yadda muka saba.

Malam, barka da aiki. Ni matar aure ce a wani ƙauye a ƙasar Kazaure, sana'ata ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Duk ranar kasuwa tiya uku ko huɗu nake aikawa a sayo mini, in rani ya yi nisa gyaɗa ta yi tsada sai riba ta gudu. Ina son kamar naira 150,000 in sayi buhu da kaka in ajiye. Ba ni da takardar fili, banki kuma sai an shiga mota. Ina zan nufa?

Hajiya, dabararki ta yi, amma kada ki fara da banki. Kafin rancen naira 150,000 ya fito za ki yi zuwa uku ko huɗu, ga kuɗin mota, ga hoto, ga fom, ga neman wanda zai tsaya miki, ga wunin da za ki yi ba ki ɗora tukunya ba. Duk wannan daga ribar ƙuli-ƙuli zai fita.

Fara da abin da ke kusa. In kina cikin adashi, ki sami uwar adashi tun da damina ki roƙi a sa kwasarki ta faɗo watan Oktoba ko Nuwamba, ko ki yi musaya da wata wadda bikin 'yarta yake bayan salla. Mata 15 masu zubin naira 10,000 a wata sun haɗa miki abin da kike nema, babu ƙarin ko sisi. Matsalar adashi dai ita ce layi ake bi, kuma a ƙauye kowa kaka yake so.

Akwai abin da ya fi adashi dacewa da ke, kuma a ƙasar Hausa aka fara shi. A 1991 ƙungiyar agaji ta CARE ta fara aiki da matan karkara a jihar Maraɗi ta Nijar a kan wani tsarin asusu da aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Daga can ya bazu ƙasashen Afirka da dama, har da namu ƙauyukan. Mata 15 zuwa 25 ne suke haɗuwa sau ɗaya a mako a gidan ɗayarsu. Akwai akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan suna hannun mata uku daban-daban, akwatin kuma yana kwana a ɗakin ta huɗu wadda ba ta da makulli ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa. Kowace mace ta kawo zubinta, masu ƙirga biyu su ƙirga da ƙarfi, a buga mata hatimi a ɗan littafinta, a faɗi jimillar abin da ke cikin akwatin kowa ya ji kafin a rufe, mako mai zuwa kuma a tambaya wa ya tuna nawa aka bari. Wadda ba ta iya karatu ba ma ta san lissafinta, domin hatimi take ƙirgawa. Bayan 'yan makonni sai a fara ba da rance daga akwatin, yawanci har ninki uku na abin da mace ta tara, a biya cikin wata uku. A gefe akwai ɗan ƙaramin zubi na taimako don haihuwa, ciwo ko rasuwa. In shekara ta kusa zagayowa a fasa, kowa ta ɗauki nata da rabonta na abin da aka samu.

Abu biyu za ki yi da wannan. Na farko, in kin ci rancen kin sayi buhu, kuɗin nan da kika saba bayarwa duk ranar kasuwa a sayo miki tiya, shi za ki riƙa kaiwa akwati, tunda gyaɗa tana ɗaki. Na biyu, kuma shi na fi so: ki ba da shawara a sa ranar fasa asusu ta dace da kaka. In aka yi haka, shekara mai zuwa da kuɗinki za ki shiga kasuwa, babu wanda ke bin ki.

Na san za ki tambayi ƙarin da ake ɗorawa. Ƙungiyoyi da yawa suna karɓar kashi 5 ko 10 cikin 100 a wata a kan rance, kuma ko da yake kuɗin cikin akwatin yake komawa, mata da yawa da mazajensu ba su natsu da shi ba, malamai kuma suna kiransa riba. Mafitar da wasu suka bi ita ce ƙungiya ta tura wakilai su sayo gyaɗar da kuɗin akwati, ta zama mallakar ƙungiya, sannan a sayar miki a kan farashin da aka yanke, ki biya zuwa lokacin da aka ɗiba. Sharaɗin shi ne farashin ba ya ƙaruwa don kin makara. Ku kai wa malamin garinku tsarin ya duba kafin ku fara.

In ba ki san da irin wannan ƙungiya a kusa ba, tambayi malamin gona, ko sashen mata a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko matan da kuke haɗuwa ranar awo. In babu, ku kafa taku. Ba ta buƙatar lasisi. Akwati, kwaɗo uku, littafi da matan da kika san halinsu. Sai ki kula da ajiyar: gyaɗa ta bushe sarai, gara a bar ta da kwansonta, a ɗora buhun a kan katako kada ya taɓa ƙasa. In ta yi fumfuna, man da ƙulin duk sun tashi daga aiki, bashin kuma yana nan.

Malam, ni manomin masara ne a ƙasar Bakori. Wani Alhaji mai sayen hatsi ya ce zai ba ni taki buhu huɗu da damina, in biya shi masara buhu takwas da kaka. Wani ƙaramin banki kuma ya ce zai ba ni kuɗi in riƙa biya duk mako. Ƙanena ya ce gara in jinginar da 'yar fadamata. Wanne zan ɗauka?

Ɗan'uwa, kafin a tambayi nawa ne ƙarin, a fara tambayar yaushe ake biya. Masara tana wata uku zuwa huɗu a gona ba ta ba ka ko ƙwandala ba. Rancen da ake biya duk mako an tsara shi ne don mai shago da mai tuyar ƙosai, waɗanda ciniki ke shigo musu kullum. In kai ka karɓa, mako na biyu ma'aikacin banki yana ƙofar gidanka a kan babur, kuma da me za ka sallame shi? Ko ka yanki wani abu daga kuɗin takin ka mayar musu, ko akuyar uwargida ta tafi kasuwa. Sai fa in kana da wata sana'a mai kawo kuɗi kowane mako. In babu, cire wannan.

Jinginar fadama ita ce mafi muni a cikin ukun, duk da ta fi sauƙin samu. Wanda ya riƙe gonar shi zai yi ta nomawa har ranar da ka kawo kuɗinsa cif, kai kuma an ɗauke maka wurin da za ka samo kuɗin. Haka gonaki suke shekara goma a hannun wani, masu shaida su mutu, 'ya'ya su gaji rigima. In dole sai fadamar ta kawo maka kuɗi, ka ba da ita haya ta rani ɗaya a gaban mai unguwa, ka karɓi kuɗin hayar. Rani na wucewa gonarka ta dawo, ba ka bin kowa, babu mai bin ka.

Saura bada-kaka na Alhaji. Kada ka yi lissafinsa da buhu, ka mai da shi naira. Je ka tambayi farashin irin takin nan a kasuwar Funtuwa in da kuɗi hannu ne, ka kuma tuna nawa aka sayar da masara kakar bara. A ce, don misali kawai, buhun taki naira 40,000 ne, huɗu sun kama 160,000. A ce masara za ta yi 35,000 da kaka, takwas sun kama 280,000. Ka ga ƙarin 120,000 ke nan a kan 160,000, wato kashi 75 cikin 100 a wata biyar. Sa farashin gaskiya na garinku ka ga abin da zai fito. Da wannan lissafin a bakinka za ka koma wurin Alhaji ka nemi a sauko zuwa shida, ko ka je wurin wani ɗan kasuwar ka ji nasa. Shi ma yana ɗaukar kasada, domin in masara ta faɗi shi ke da asara, saboda haka ba za ka same shi a banza ba. Amma takwas ba aya ba ce.

Irin wannan ciniki, a ba da kuɗi ko kaya yanzu a karɓi amfanin gona daga baya, yana da babinsa a fiƙihu, shi ne salam, kuma sharuɗɗansa su ne ainihin abin da zai kare ka: a san nau'in hatsin, a san mudun, a san lokacin. To ku yanke komai tun yanzu. Buhu mai tiya nawa, arba'in ko wanda yaran Alhaji za su danna har ya ƙi ɗinkuwa? Fara ce ko ja? A gona za a karɓa ko sai ka kai sito, kuma wa zai biya mota? Mafi girma: in fari ko ambaliya ko tsutsa ta cinye gonar, me za a yi? A nan ne ake cin manomi. Takwas ɗin da ba a biya ba sai ta zama goma sha biyu baɗi, daga nan ka zama mai noma wa wani a gonarka. Ka nemi a rubuta cewa in an yi asara za a ɗaga maka zuwa kaka ta gaba a kan buhu takwas ɗin nan, ba ƙari. In ya ƙi a rubuta, ka san da wa kake.

Don baɗi kuwa, ka fara shiri tun watan Janairu. Bankin Manoma, mai hedikwata a Kaduna da rassa a jihohi, ya fi sauraron ƙungiyar gama kai mai rajista fiye da manomi shi kaɗai. Mutum 10 sun isa ku yi rajista a ofishin kula da ƙungiyoyin gama kai na jiharku, ku buɗe asusu, ku riƙa zuba wani abu a kai a kai don a ga motsi. Sai dai kada ka ɗora damina gaba ɗaya a kan wannan. Rancen hukuma ya saba makara, kuma takin da ya iso bayan masara ta yi goyo ba shi da amfani a wannan shekarar. Shirin rancen manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a watan Nuwamba na 2015, wanda mutane da yawa har yanzu suke jira, Babban Bankin Najeriya ya daina karɓar sababbin masu nema a irin waɗannan shirye-shirye tun ƙarshen 2023. Akwai kuma kamfanoni irin Babban Gona, da suka fara a jihar Kaduna, masu ba ƙananan rukunin manoma iri da taki bashi a biya da kaka. Lokacin biyansu ya dace da noma, amma su ma ka yi musu lissafin naira kamar yadda ka yi wa Alhaji.

Wani abu da manoman Nijar suka daɗe suna yi ya cancanci ƙungiyarku ta duba. Da kaka, maimakon kowa ya zubar da hatsinsa da araha, sai a tara a sito ɗaya a sa kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ƙungiya, ɗaya wurin mai ba da rance. A ba kowa rancen wani kaso na kimar hatsinsa ya yi kiwo ko noman rani, in bazara ta zo a biya, a buɗe sito. Mai hatsi a watan Mayu ba ya zuwa roƙon taki. Amma ba kullum farashi ke hawa ba. Waɗanda suka ɓoye hatsi a ƙarshen 2024 sun ga yadda ya sauko a 2025.

Yallaɓai, ina da shagon cajin waya da POS a garinmu, kuɗin fetur ya ishe ni. Ina son sola ta naira 300,000. Wani bankin maikirofainans a hedikwatar ƙaramar hukumarmu ya ce kashi 5 ne kacal a wata, wata shida. Ya yi?

Samari, wannan "kacal" ɗin ita za mu buɗe. Koma ka tambaye su: kashi biyar ɗin a kan me ake lissafa shi, a kan 300,000 ɗin farko har ƙarshe, ko a kan abin da ya rage bayan kowane biya? Ƙananan bankuna da yawa na farkon suke yi. In haka ne, 15,000 ne duk wata sau shida, 90,000 ke nan. Za ka mayar da 390,000, wato 65,000 a wata. In kuwa a kan ragowa ne, kana rage 50,000 daga uwar kuɗi kowane wata, ruwan zai riƙa sauka: 15,000, sai 12,500, sai 10,000, har zuwa 2,500, jimilla 52,500. Bambancin 37,500 ne, alhali duka biyun "kashi biyar" ake ce musu. A tsarin farko, a wata na shida kana biyan ruwan kuɗin da ka riga ka mayar tuntuni, shi ya sa ainihin abin da kake biya ya kusa kashi 8 a wata.

Ba a nan ya tsaya ba. Akwai kuɗin fom, kuɗin gudanarwa, inshora, wasu kuma sai su ce ka bar wani kaso a asusunka ba za ka taɓa ba sai ka gama biya. A ce sun riƙe 30,000 sun kuma cire 9,000: 261,000 ne zai shigo hannunka, sola ba ta sayu ba, ruwa kuma a kan 300,000 ake bin ka. Don haka tambaya biyu za ka sa a rubuta maka a takarda: nawa ne zai shigo hannuna, kuma nawa zan mayar gaba ɗaya? Ka ƙara da ta uku: in na makara da mako ɗaya, nawa ne tara?

Daga nan sai ka juyo kan janaretonka. Rubuta abin da kake kashewa a fetur da bakin mai da gyara na wata guda cur, ba ƙiyasi ba. In ya haura 65,000, to sola ce za ta biya kanta ko da a tsarin mai tsada, kuma bayan wata shida ka huta. In bai kai rabin haka ba, rancen zai ci jarin POS ɗinka, gara ka yi zubi ka saya kaɗan-kaɗan, faranti da batir tukuna. Irin bashin da nake goyon baya ke nan, wanda abin da aka saya da shi yake rage wani kashe kuɗi da ake gani da ido.

Ka tabbatar bankin yana da lasisi, musamman in za su riƙe maka ajiya. Babban Banki yana da jerin sunayen ƙananan bankuna masu lasisi a shafinsa na intanet. A watan Mayu na 2023 ya soke lasisin guda 179, kuma hukumar NDIC mai inshorar ajiya masu lasisi kaɗai take biya wa. Tun 2024 tana biyan mai ajiya a ƙaramin banki har naira miliyan 2. Ofishin da ya kafa allo kawai ya ce shi "kofaretib" ne ba ya cikin wannan kariya.

In kuɗin ruwa ne ba ka so, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi: Jaiz da ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021. Su za su sayi solar su sayar maka da riba sananniya ka biya a hankali. Kada ka ɗauka dole sun fi araha, kuma rassansu a birane suke, za su kuma so ganin tarihin asusunka na watanni. A nan kana da abin da maƙwabcinka mai tireda ba shi da shi: duk cinikinka yana rubuce a na'ura. Ka daina haɗa kuɗin shago da na aljihu, ka yi wa shagon rajistar suna a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka bar asusun ya yi magana. Wasu kamfanonin POS ɗin ma suna ba wakilansu rance bisa yawan cinikin da suke gani. Rashin takardar fili kuma ba ƙarshen magana ba ne: tun 2017 akwai dokar da ta yarda a karɓi kayan da ake iya ɗauka, kamar inji, babur ko dabbobi, a matsayin jingina a yi musu rajista. Ba kowane banki ke son yi ba, amma ka tambaya. Ka kuma tambayi masu sayar da solar kansu, da yawa suna bayarwa a biya wata-wata, sai dai na'urar tana kulle kanta in ka yi fashin biya.

Bankin zai nemi mai tsaya maka. Ka gaya wa mutumin gaskiya cewa ba shaida zai yi ba, in ka gaza shi za a bi.

Malam, wani ya zo garinmu da fom, ya ce rancen gwamnati ne na naira 500,000, a ba shi 5,000 da lambar BVN da hoton katin ATM. Har mai unguwa ya cike. In bayar?

Baba, kada ka bayar, kuma a je a gaya wa mai unguwa cikin ladabi ya garzaya banki a toshe katinsa yau. Babu rancen gaskiya da ake neman hoton katin ATM ko lambar sirri ko lambar da ake turowa ta waya. Dubu biyar ɗin ma ita ce ƙaramar asara. Da bayananka ana iya kwashe asusunka, ko a ci bashi da sunanka. Tun watan Agusta na 2020 bankuna suna da izinin cire bashin da ba a biya ba daga duk wani asusu da ke haɗe da BVN ɗin mai bashin, ko a wane banki yake.

Wannan dokar ce kuma ta kama waɗanda suka karɓi rancen korona na bankin NIRSAL a 2020 suna cewa rabonsu ne na arzikin ƙasa, daga baya suka wayi gari ana zare musu kuɗi. In takarda ta ce rance, rance ne. Mai son sanin ko wani shiri gaskiya ne ya je da ƙafarsa ofishin SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i, ko na Bankin Masana'antu a babban birnin jiha. In kuma wani ya ce shi wakilin Bankin Raya Ƙasa ne, DBN, zai ba ka kuɗi kai tsaye, ƙarya yake: wannan bankin ta hannun wasu bankuna yake ba da kuɗinsa. Wanda ba shi da komai, jarin da ba a mayarwa yake nema, ya kai sunansa ga masu zakka ta hannun dagaci ko limami: Hukumar Zakka da Hubusi a Kano, takwararta ta Sakkwato, da kwamitocin zakka na masarautun Jigawa.

Ɗana ya ce akwai manhaja a waya da ke ba da rance cikin minti biyar. In sa ya karɓo mini na sayen kaji?

Inna, a'a. Yawancin waɗannan rancen mako ɗaya ne zuwa wata ɗaya, kajin gidan gona kuwa sai sun yi mako shida zuwa takwas suna ci kafin su shiga kasuwa. Ranar biya za ta zo suna cikin cin abinci. Marasa rajista a cikinsu kuma sun yi ƙaurin suna wajen kwashe lambobin da ke cikin waya su tura wa surukai da malamai saƙon cewa wane ɓarawo ne. Hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, tana fitar da jerin waɗanda ta amince da su, amma ko mai rajistar bai dace da kiwo ba. Gwada mai sayar da abincin kaji na kasuwarku. In kin saba saye a wurinsa, yana iya ba ki buhunan makonnin ƙarshe zuwa ki sayar.

Malam, yayana da ke Legas ya ce zai turo mini naira 500,000 in yi kiwon ragunan layya. Bai ce bashi ba ne, bai ce kyauta ba, ni kuma ina jin nauyin tambaya.

Ɗan'uwa, nauyin da kake ji yau bai kai wanda za ka ji bayan salla ba, ranar da zai kira ya ce a turo, kai kuma ka riga ka yi rufin ɗaki da kuɗin. Kuɗin ɗan'uwa shi ne jari mafi araha da ɗan ƙauye zai samu, kuma shi ya fi raba zumunci, don kowa yana riƙe da tasa fassarar a zuci. In ba za ka iya tambaya kai tsaye ba, ka ce masa: "Yaya, ina son in rubuta don halin rai, yaya zan rubuta?" Ba zai ji haushi ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take.

Ɗayan uku ne. Ko kyauta, ka yi godiya. Ko rance, ka mayar da 500,000 daidai ranar da kuka sa, riba taka, asara taka. Ko ƙiradi, shi da kuɗi kai da wahala, kuma ina zaton wannan yake nufi. In ƙiradi ne, rabon riba da kaso ake yanke shi, rabi da rabi ko sulusi, ba a cewa "za ka ba ni dubu ɗari" ko an samu ko ba a samu ba. In aka yi asara ba da sakacinka ba, daga jarinsa take fita, kai kuma wahalarka ce ta tafi. Mutane da yawa masu ba da jari ba su san wannan ba, suna son rabon riba amma uwar kuɗi ta dawo cif, don haka a faɗe shi tun raguna ba su shigo gida ba.

Ku kuma yanke ƙananan abubuwan da ke kawo gunaguni. Dusa, ƙowa, harawa, gishiri, allura da kuɗin mota duk daga jari suke fita kafin a kira wani abu riba. In harawar gonarka ce za su ci, a yi mata kuɗi ko ka ce ka yafe. Kada ka zuba dubu ɗari biyar ɗin duka a sayen raguna, ka ware na abincin wata uku ko huɗu tun farko, in ba haka ba za ka sayar da ɗaya don ka ciyar da sauran. Ranar da ka sayo su, a Maigatari ne ranar Alhamis ko a kasuwar da ta fi kusa da kai, ka ɗauki hoton kowanne ka tura masa da farashinsa. In ɗaya ya kwanta ciwo ko ya mutu, ka kira maƙwabci ya gani, ka sanar da yayanka a ranar. Ku sa ranar rufe lissafi, misali mako biyu bayan salla, kuma ku amince tun yanzu ko za a ba mahauta da maƙwabta rago bashi, da wanda zai ɗauki nauyin in ba su biya ba.